Fuskar Gwaggo a Jikin Kwalba

Gwaggo ta yi shekaru tana sharar asibiti kafin gwiwoyinta su ce sun gaji. Shi ya sa duk layin, in yaro ya tashi da zazzaɓi ko maigida ya kama tari, ƙofarta ake fara bugawa. Ba ta iya karatu ba, ba ta taɓa ba kowa ko ƙwaya ɗaya ba. Maganarta kullum guda ce: "Ku tafi asibiti. Ni tsintsiya na riƙe, ba allura ba." Amma mutane sun riga sun sa a ransu cewa wanda ya daɗe kusa da likita ba ya rasa abin da ya tsinta.

Ranar da abin ya fito, tana bakin famfo tana cuɗa zannuwanta, sai ga Matar Direba, maƙwabciyarta da katanga ɗaya ta raba su, ta shigo baki har kunne.

"Gwaggo, ashe haka kike? Kin samu lafiya kin yi shiru, sai a waya za mu gani?"

"Wace lafiya? Gwiwar nan ko tsugunno ba ta bari na yi."

Matar Direba ta miƙo wayar. Gwaggo ta goge kumfa a zani, ta kai fuskarta kusa. Ita ce. Ita ce tsaf, cikin shuɗiyar rigar aiki, a ƙofar asibiti, tana murmushin da ta yi ranar da aka sallame ta. A gefenta an liƙa wata baƙar kwalba, a ƙasa ga rubutu.

"Me aka ce a nan?"

"Ke da maganarki? Kin ce kin yi aiki a asibiti, kin ga iyakar maganin likita, wannan ruwan ne ya raba ki da ciwon suga. Kin ce a ajiye ƙwayoyi."

"Ni? Suga? A gidan uban wa na yi suga?"

"To ni dai na saya. Ƙwayoyin ma na tura su ƙarƙashin gado."

Gwaggo ta miƙe har bokitin ya kife. Ta rantse, ta sake rantsewa, ta ce ba ta taɓa ganin kwalbar ba, ta ce maza a ciro ƙwayoyin nan. Matar Direba ta gyara mayafi tana dariya.

"Rowa dai, Gwaggo. An biya ki kin sha kin warke, mu kuma mu mutu."

Mutum ɗaya ne ya ɗauki hoton nan a duniya, ɗan marigayi ƙanenta, wanda kowa ke kira Tabarau. Sana'arsa gina shafukan intanet, yana kuma rubuta wa masu koyo dabaru da labarin sababbin kayan aiki. Gwaggo ba ta taɓa gane abin da yake ginawa ba tun da ba ta taɓa ganin siminti a hannunsa ba, amma ta san ofishinsa: ɗaki ɗaya a saman shagon masu gyaran waya. Ta hau matakalar tana dafa bango, tana tsine wa wanda ya ƙera ta.

Ta same shi ya dulmuya cikin kwamfuta, fanka na kaɗa takardu, wayoyin lantarki sun cukurkuɗe a ƙasa kamar hanjin akuya.

"Gwaggo! Da kin aiko ai da na zo."

"Da na aiko da ka ce kana aiki. Tashi ka gaya mini yaushe na yi suga."

Da ta kwatanta masa, ya danna ya danna, hoton ya fito a babban allo. Ya cire tabarau ɗin ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Gwaggo, zauna in miki bayani. Mu in za mu koya wa mutane gina shafi, samfur muke yi, kamar yadda tela ke yanka takarda kowa ya ɗora a yadinsa. A cikin samfur akwai gurbin da ake sa hoton wanda ya yaba kaya. Ba a barinsa wayam, sai a sa kowane hoto na wucin gadi, wanda ya sauke samfur ɗin ya cire ya sa nasa. Hotunan kyauta da na samu duk ba su yi kama da mutanenmu ba. Na duba wayata, na ga naki ya yi kyau..."

"Ya yi kyau."

"Wallahi na rubuta a ciki, na ce a canja hoton."

"Ka rubuta wa ɓarawo ya ja maka ƙofa in zai fita. Kai da aka kashe wa kuɗin makaranta! To cire ni."

Ya danna wani wuri, hoton ya ɓace, gurbin ya koma fari. Gwaggo ta sauke numfashi, ta laluba takalminta da ƙafa.

"Shi ke nan? To Allah ya shirye ka."

Bai ɗago ba. "Nawa na cire, Gwaggo. Kyauta na saki samfur ɗin, mutane sun sauke da yawa. Har murna na yi lokacin. Kowa da nasa a hannunsa yanzu."

Ya nemo mata sauran. Ga ta tana yaba wata makarantar kwana. Ga ta tana cewa ta sayi fili ba a cuce ta ba. Ga ta a shafin masu sayar da gashin kanti, ita da kanta bai taɓa rabuwa da ɗankwali ba. Waɗannan ba su dame ta ba sosai. Kwalbar ce ta tsaya mata a wuya, don masu kwalbar sun gane abin da shuɗiyar rigar ke sayarwa.

Ta sa Tabarau a gaba zuwa ofishin da ake kai kukan masu sayar da jabun kaya. Suka yi layi a baranda har rana ta take. Ma'aikaciyar da suka samu mace ce mai sanyin murya, ta saurare ta har ƙarshe, ba ta katse ta ba.

"Mama, ina shagon masu maganin yake?"

"Da na san shagon, nan zan zo? Da tuni na je da taɓarya."

Tabarau ya ce babu adireshi, lambar waya ce kawai, ita ma kullum canjawa take, kayan kuma ɗan babur ke kaiwa. Ya ce ya kai ƙara wurin masu dandalin intanet ɗin da ake tallar a kai, inji ne ya amsa masa, ya ce an duba ba a ga laifi ba.

"Inji," in ji Gwaggo. "To a kira mini uban injin."

Ma'aikaciyar ta danne dariya. "Mama, da yardarki aka ɗauki hoton?"

"Ɗana ne. Ya ce in yi murmushi, na yi."

"To gaskiya wanda hannunmu zai iya kaiwa gare shi, shi ne wanda ya fara sa hoton." Ta nuna Tabarau da bakin biro. "In kina so, sai a buɗe masa fayil."

Gwaggo ta juya ta dube shi. Ƙato da gemu, ya sunkuyar da kai yana murza hula, kamar ranar da ta goya shi zuwa kaciyar da ya yi ta ihu. Ta ja tsaki mai tsawo, ta tashi.

"Na zo neman kura, kin nuna mini akuyar gida."

Daga nan fita ta zame mata aiki. A kasuwa wata ta riƙe mata hannu tana tambayar cokali nawa ake sha. A motar haya wani dattijo ya yi mata godiya, ya biya mata kuɗin mota. Kowa ta tsaya ta wanke shi tas, ta ce ƙarya ce, ta ce guba ce, har muryarta ta dushe. Wasu su ba ta haƙuri, wasu su ce tsufa ne ya fara taɓa ta. Matar Direba kuwa ta daina shigowa, in ta ji muryar Gwaggo ta katanga sai ta ƙara sautin rediyo.

Tabarau ne ya zo da dabara. Ya ce tun da da hoto aka yi ƙaryar, a kashe ta da bidiyo. Ya zaunar da ita a tsakar gida, ya kafa waya a kan turmi, ta ɗauko tsohuwar rigar aikin ta sa don a tabbatar ita ce. Ta yi magana son ranta. Ta faɗi aikinta, ta ce shara ta yi, ta ce ba ta da suga, ta tsine wa kwalbar da mai kwalbar da ɗan babur ɗin da ke kai ta. Ranar har abinci ta ci da daɗi.

Waɗanda suka kalla ba su cika motar haya biyu ba. Amma masu kwalbar suna cikinsu.

Bayan 'yan kwanaki Tabarau ya shigo ko sallamar kirki bai yi ba, ya tsuguna a gabanta da wayar. Ga tsakar gidanta, ga igiyar shanyarta, ga ta cikin shuɗiyar riga tana kaɗa yatsa. Bakinta na motsi, muryarta ce har da dushewar, amma abin da ke fitowa daban: "'Ya'yana, kada likita ya ruɗe ku. Ni na sha, na warke."

"Akwai manhajar da ke yin haka yanzu," ya ce a hankali. "Murya kaɗan take buƙata. Na taɓa yin rubutu a kanta ma."

Gwaggo ta buɗe baki za ta zage shi, ta ji tsoron muryar tata. Ta rufe.

Ana cikin haka Direba ya buga ƙofa, ido jajir. Matarsa ta faɗi a banɗaki, ƙafarta ta kumbura ta yi baƙi, an kwantar da ita, ana maganar yankewa.

Gwaggo ta bi shi asibitin. Ta san kowane lungu na wurin, ta san tayil ɗin da ya fashe a bakin ɗakin mata, har yanzu ba a gyara ba. Matar Direba na kwance an rataya mata ruwa, leɓɓanta sun bushe. Da ta ga Gwaggo sai ta juya fuska bango. Gwaggo ta tsaya riƙe da ƙarfen gadon.

Sai ta ji an ja gefen zaninta. Wata tsohuwa ce a gado na kusa, ƙafa naɗe da bandeji, ido ya faɗa.

"Baiwar Allah, ke ce ta cikin waya ko? Don Allah ki taimaka mini da maganin nan. Na gaji da allurarsu."

Gwaggo ta sunkuya har numfashinsu ya haɗu.

"Ki saurare ni da kyau. Ban taɓa shan sa ba. Ƙarya aka yi mini. Shi ya kwantar da wannan da kike gani. Ki sha abin da likita ya ba ki."

Tsohuwar ta saci kallon ma'aikaciyar jinya da ke wucewa da tire, ta jira ta yi nisa, sannan ta matse hannun Gwaggo, ta rage murya.

"Na gane. A nan ba za su bar ki ki faɗa ba. In an sallame ni zan sa jikata ta nemo lambar."