Jakar Maganin Hantar Detlef

Ranar Litinin ce, ana irin yayyafin birnin Gelsenkirchen da ba ya jiƙa mutum sosai, sai dai ya ɓata masa rai. Detlef Pawlak na zaune a gefen direba, ya rungume jakar cefane a cinya, kwalabe na kaɗawa a ciki duk sanda mota ta faɗa rami. Matarsa Silke ce ke tuƙi. Shekara ashirin da biyu yana jan babbar mota tsakanin Rotterdam da Dortmund, yau ga shi ana ɗauke da shi kamar buhun dankali.

"An ba ki hannu fa," in ji shi.

"A motar nan mai lasisi kaɗai ke magana."



Wata goma sha uku ke nan da 'yan sanda suka tare shi yana dawowa a buge daga walimar ƙungiyarsu ta masu tseren tattabaru, suka karɓe lasisinsa. A ranar Silke ta yi masa magana ɗaya tak: in ya sake kai giya bakinsa, za ta koma gidan yayarta a Bochum, kuma ba dawowa. Tun daga nan ko ɗigo bai taɓa ba. Da ruwan tuffa yake kallon ƙwallo, abokai suna ce masa Waliyyi Detlef.

To, kafin a mayar masa da lasisi sai hantarsa ta yi masa shaida a gwajin jini. Nan kowa ya zama likita. Tsohuwarsa ta kawo ƙwayoyin maganin da aka yi da 'ya'yan wata ƙaya, irin waɗanda marigayi mijinta ya sha. Hotte mai rumfar soyayyen dankali ya kawo wani ruwa mai ɗaci. Maƙwabta ma suka kawo nasu. Detlef kuwa mutum ne da in ka ce masa ɗaya na da amfani, sai ya haɗiye uku.

Sai ga sakamako ranar Juma'a: lambobin hanta sun haura ƙa'ida har ninki biyar. Silke ta karanta takardar a tsaye. Ta birkice gareji tana neman giya, ta leƙa ɗakin tattabaru, har ruwan goge gilashi sai da ta shinshina. Ba ta sami kome ba, wannan kuma ya ƙara tunzura ta.

"Takarda ba ta ƙarya, Detlef. Kai kuwa na san ka."

Ta ce za ta kai shi wurin likita ranar Litinin ta ji da kunnenta, daga can ta wuce Bochum.

Likita Lammers, wata gajeriyar mace mai furfura, ita ce ta sake ɗibar jininsa ranar Juma'ar, ta kuma ce ya zo da duk abin da yake haɗiya. Ya jera mata su a tebur ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa da bakin alƙalami.

"Goma sha huɗu. Mista Pawlak, kantin magani za ka buɗe?"

"Duk na hanta ne, Likita. Duba jikinsu, daga tsirrai aka yi su."

"Laimar kwaɗin da ke kashe mutane a daji ma ai ba a masana'anta ake ƙera ta ba."

Silke, wadda ko rigar ruwanta ba ta cire ba, ta katse su. "Likita, a bar kewaye-kewaye. Yana sha ko ba ya sha?"

Likita ta juyo da fuskar kwamfuta wajenta. "Akwai gwajin da ba ruwansa da hanta, sawun giyar kanta yake bi a cikin jini, na makonnin da suka wuce. Shi na yi masa. Ga shi nan. Babu."

"Babu me?"

"Babu giya, Madam. Ko ta wanke baki."

Detlef ya miƙe zumbur, kujerar ta kife a bayansa, aka ji ƙas.

"Maimaita, Likita! Don Allah maimaita da ƙarfi, kunnenta na hagu ba ya ji sosai!"

"Zauna, Mista Pawlak."

"Ina zan zauna? Wata goma sha uku ina shan ruwan tuffa kamar ɗan yaye!"

Likita ba ta kula shi ba. Ta ture ƙwayoyin tsohuwarsa gefe, ta ce ba su take zargi ba. Ta zaro kwalabe biyu masu kyan kwali, ɗaya ta tataccen koren shayi, ɗaya ta kurkum da aka ƙara wa ƙarfi.

"Waɗannan, nawa kake sha?"

"Uku-uku. Da sassafe, kafin in ci kome, don su shiga jiki da kyau."

"Ai kuwa sun shiga. An rubuta ɗaya, bayan cin abinci. Wasu mutane ko ɗayar ma hantarsu ba ta ɗauka. Wa ya ba ka su?"

A hankali Detlef ya juya ya dubi matarsa. Ita kuwa ta duƙufa tana neman wani abu a jakar hannunta.

"A intanet na gani," ta ce ƙasa-ƙasa. "Sun ce yana wanke hanta tas."

"Allah mai iko!" Detlef ya tafa hannu. "Ashe mai bincike ita ce mai kayan! Kin shinshina gareji, kin tsorata min tattabaru, ashe abin na kan teburin kicin, da katin 'Allah ya ba da sa'a' a jikinsa!"

"Ɗaya na ce ka sha, jaki kawai!"

"Jakin da bai sha giya ba!"

Likita ta ce ya daina shan su gaba ɗaya, har na tsohuwar, ya dawo bayan mako biyu a sake gwadawa. In aka ƙyale hantar ta huta, tana sa ran za ta farfaɗo da kanta.

A ɗakin jira mutum bakwai ne zaune, kowa da tarinsa. Detlef ya ɗaga takardar sama ya ce musu, "Babu! Ko ɗigo!" Wani tsoho mai sanda ya ce, "To, sannu," ya ci gaba da karatun jaridarsa.

A mota Silke ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ba ta tayar ba. Idanunta sun yi ja.

"Na buga wa yayata tun jiya ta gyara min ɗaki," ta ce.

"Sai ki sake buga mata ta mayar da kekenta na motsa jiki ɗakin."

Ta yi dariya, ta share hanci da bayan hannu. "Me za ka ci?"

"Dankalin Hotte. Babban faranti. Ina so ya ji labarin daga bakinki, ba daga nawa ba."

Ta tayar da mota, ta bi hanyar rumfar Hotte.

Abin da aka rasa shi ne: kwalabe goma sha huɗu, ranar gwajin lasisi ta watan Nuwamba da aka ɗage zuwa Fabrairu, barcin kwana uku na mutum biyu, da ƙafa ɗaya ta kujerar Likita Lammers.