Azarar Soron Na'inna

Shekarun da kuɗin mai suka shigo, mutanen Kebbe suka fara jin kunyar laka. Giɗaɗo ya sayar da bijimi, ya sa aka shafe rufin soron mahaifiyarsa Na'inna da siminti, wai maganin yoyo. Ya tafi kasuwar Tambuwal yana hura hanci, ya bar matarsa Sauda da tsohuwa. Siminti kuwa ba ya zumunci da laka. Ya tsage, ruwan damina ya bi tsagar ya kwanta a ciki, rana ba ta isa gare shi.

Wata rana da hantsi Sauda ta kai wa surukarta fura, sai ta ji ƙas! a sama. Ta ɗaga kai. Azara, faskararren itacen giginyan nan da ke ɗauke da rufin, ta lanƙwaso kamar igiyar shanya, ƙasa na tsiyayowa kan tabarma. Ga maza duk suna gona.

"Inna, ku taso mu fita! Ɗakin ga shina shirin faɗuwa!"

Kunnen Na'inna ya daɗe da yin nauyi, sai da Sauda ta maimaita da ƙarfi. Tsohuwa ta gyara zama abinta.

"Maigidana marigayi Malam da hannunai ya jera azarar ga," ta ce. "Ya ce mini azara ba ta karyewa sai ta yi kuka, ta sallami mutanen ɗaki. Ni ban ji komi ba, ɗiyata."

Ƙas! Wannan karon har da ɓarɓashin laka cikin furar.

Sauda ba ta taɓa ko cin abinci a gaban surukarta ba. Amma tsoro ya kori kunya: ta sunkuci tsohuwa, ta goya ta kamar jaririya. Na'inna na dukan kafaɗarta, tana kiranta marar kunya. Suna tsallake bakin ƙofa rufin ya rufta, ƙura ta turnuƙe tsakar gida.

Dukan ya tsaya. Na'inna ta daɗe tana kallon tulin ƙasar da ya binne tabarmarta.

"Ba ta yi kuka ba," ta ce a hankali. "Ashe Malam ƙarya ya yi mini?"

Sauda ta ji ɗumin hawayen tsohuwa a wuyanta, tausayi ya kama ta. Ta juyo da baki saitin kunnen tsohuwa, ta ɗaga murya.

"Ta yi, Inna. Ni ta gaya wa."