Ƙundu Uku a Langar Baba Luka

A gidan surukaina mace ba ta cin ƙundun kaza. Ita za ta yi kiwon kazar tun tana 'yar tsako, ta kore mata shirwa, ta fige ta, ta wanke ƙundun tas, ta soya, sannan ta ɗora shi a saman naman da ke langar maigida. In maigida ya buɗe langa bai ga ƙundu ba, to ba a yanka masa kaza ba ke nan, ko da cinyoyi sun cika kwano. Ni Rachel, ranar da aka kawo ni gidan a matsayin matar Philip, wannan ne karatun farko da surukata Mama Tabita ta yi mini, tun ba ta nuna mini inda rijiya take ba.

Su Baba Luka, surukina, mutanen wajen Rijau ne, amma tun zamanin kakansa suka sauka a gefen Kontagora suka share daji. A zuriyarsu akwai wata al'ada da ban taɓa ji a wani gida ba. In uba ya gaji da fartanya zai raba gona, sai a yi girki a tara dangi, ya ɗauki ƙundu da hannunsa ya miƙa wa ɗa. Duk wanda ya karɓa ya ci a gaban shaida, ya shiga rabo, magana ta ƙare.

A shekarar da nake ba da labari, gwiwa ta sa Baba Luka gaba, ya ce da bikin Ista za a yi rabon, kafin ruwa ya sauka. Ya kira Mama ya ce, “Zakara biyu za ki yanka, na Japhet da na Philip.”

Mama ta ce, “To.”

'Ya'yansu kuwa uku ne, kuma Debora ce babba. Mijinta ya rasu, 'yan'uwansa suka ce tunda mata kawai ta haifa, gonarsa ta koma hannunsu. Ta kwaso 'ya'yanta ta dawo gidan ubanta. Tun daga lokacin ita ke noma fadamar Baba da ke bakin rafi, shinkafa da damina, alayyafo da tumatir da rani, da shi take ciyar da yaran. Matsalar ita ce fadamar nan ta fi ko'ina kusa da titi, kuma babban ɗa namiji shi ke fara zaɓe. Japhet, babban ɗan, yana zaune a Minna, rabonsa da riƙe fartanya tun yana makarantar sakandare, kuma kowa ya san ya gama magana da masu yanka filaye. In ya ɗauki fadama, bana Debora ba ta da inda za ta zuba irin shinkafar da ta riga ta ɗaure a buhu.

Debora kuwa sai ta ɗauki tsintsiya. Ita haka take, in abu ya dame ta sai ta hau shara. A makon nan tsakar gidanmu ya sha tsintsiya har ƙasa ta fara ramewa. Ni kam abin ya ci mini rai, don nima haka aka yi mini a gidan ubana, yayyena suka raba komai, aka sallame ni da tukwane da addu'a.

Ana gobe Ista muna madafa ni da Mama muna gyaran kayan miya, 'yar rediyonta na rataye a jikin ƙusa. Wata mata ce ake hira da ita, tana bayanin cewa a ƙasashe da yawa mata na shan aikin gona, amma kaɗan ne a cikinsu suke da gonar kansu. Ta ce har a ƙasashen Turawa akwai inda mace da namiji za su yi aiki iri ɗaya, a biya namijin fiye da ita.

Mama ta tsaya da yankan albasa. “Har Turawan?”

Na ce, “Haka ta ce, Mama.”

“Ni da na ɗauka mu kaɗai Allah ya bari a baya. To su can wa yake cin ƙundu?”

Na yi dariya har albasa ta shiga idona. Ita ba ta yi ba. Ta leƙa waje inda kajinta ke tono, ta daɗe tana kallonsu. A gidan nan gona ta Baba ce, shanu na Baba ne, har bishiyar mangwaro tasa ce, amma kaji na Mama ne, babu mai ƙirga mata su.

Ta ce, “Gobe da safe ki kama mini jan zakaran nan, ki haɗa da biyun.”

Jan zakaran shi ne ɗan gatanta, wanda ko da fasto ya kawo mana ziyara ta hana a taɓa. Na dube ta, ta dube ni. Na san in gona ta rabu uku, rabon mijina ne zai ragu, kuma nima bakina yana cikin wannan rabon. Amma wallahi da sassafe ni na fi kowa gudu a bayan zakaran nan. Philip ne ya yanka, ya tambayi dalilin na ukun, Mama ta ce masa baƙi sun yi yawa bana.

Akwai kuma abin da ni da Mama kaɗai muka sani. Baba Luka ba shi da turame. Haƙoran gaba suna nan farare, yana dariya da su yadda yake so, amma na ciki sun daɗe da yin sallama. Shekara da shekaru Mama ke saka ƙundunsa a ɗan turmin yaji ta daka shi lilis, ta dunƙule shi ya koma kamar yadda yake, ta ɗora a saman langa. Baba ya ci a gaban mutane, girmansa bai taɓu ba. Ran nan da na jawo ɗan turmin, sai ta ce, “Mayar da shi. Yau a soya su da kyau, su ji wuta.”

Na soya su har sai da suka yi ƙwar.

Bayan an taso daga coci aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro. Baba a tsakiya, Japhet da Philip a gefensa, sai Baba Maikano, ƙanen Baba Luka, wanda aka kira ya zama shaida. Shi Baba Maikano tun suna samari yake cewa an cuce shi a nasu rabon, kuma fadamar nan ce ya kamata a ba shi. Mu mata muka zauna a bakin madafa kamar kullum. Debora tana can ƙarshe, ta sa kwano a cinya, ba ta ci.

Aka yi addu'a mai tsawo, Baba ya yi jawabin da ya fi addu'ar tsawo, sannan ya buɗe langa. Ya tsaya. Ya rufe, ya sake buɗewa, ko zai ga wani abu dabam. Ƙundu uku ne a jere a saman nama.

Ya ɗauki ɗaya ya miƙa wa Japhet, ya ɗauki na biyu ya miƙa wa Philip. Suka karɓa da hannu biyu suka ci. Saura ɗaya, kowa na kallonsa.

Baba ya ɗaga murya kaɗan. “Tabita, an yi kuskure a madafa.”

Mama ta ce, “Ba a yi ba.”

“To ƙundu ba ya komawa madafa.”

“Ai na sani. Naka ne, maigida, ka ci.”

Baba ya ɗauka, ya ji nauyinsa a hannu, ya ɗan matsa shi da yatsa. A nan ya gane ba a daka ba. Ya jefo wa Mama wani kallo, ita kuwa ta duƙufa tana gyara wa jikarta ɗankwali. Duk da haka bai karaya ba, ya kai baki ya kama da haƙoran gaba. Ya ja, ƙundu ya ja. Ya juya shi gefen dama, ya mayar hagu, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Philip ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa, ni kuwa na cusa bakin zane a baki. Daga ƙarshe Baba ya fito da shi, ko tabo bai yi ba, ya ajiye a murfin langa.

Baba Maikano ya matso, ya miƙa tafin hannu. “Yaya, kada ka wahalar da kanka. Kawo in taya ka.”

Baba Luka ya janye murfin da sauri kamar wanda ya ga kunama. Ya san ƙanensa. In ƙundun nan ya fita daga hannunsa ya shiga wancan bakin a rana irin ta yau, gobe da asuba za a tarar da Maikano a fadama da garma.

Japhet ya gyara zama ya ce, “Baba, tunda ni ne babba, sai ka ƙara mini.”

Philip ya ɗago. Mijina malamin makaranta ne mai sanyin hali, ko a aji yara sun raina bulalarsa, amma ran nan ya ba ni mamaki. Ya ce, “Yaya Japhet, babba a maza dai. Akwai wadda ta goya ka.”

Mama ta miƙe, ta taka har bakin tabarmar maza, ta durƙusa kamar yadda ta saba. Kowa a unguwar nan Baban Japhet yake kiran surukina, har ita. Amma ran nan ta ce, “Baban Debora.”

Ya ɗago ya dube ta.

“'Ya'ya uku na haifa maka, ƙundu uku na kawo. In akwai wanda ba naka ba a cikinsu, ka faɗa a gaban ƙanenka in ji.”

Baba Maikano ya ce, “Mace ba ta cin ƙundu, Tabita. Ba mu taɓa ji ba.”

Mama ta ce, “Ni ma ban taɓa ji ba. Amma tuwon shinkafar da kake ci, mace ce ta noma shi, kuma ban ga ya tsaya maka a wuya ba.”

Baba Maikano ya dubi lomar da ke hannunsa, ya rasa ko ya ajiye ko ya ci. Ya ci.

Baba Luka ya jawo murfin langar gabansa. Ya kalli ƙundun, ya kalli inda Debora take zaune da kwanonta, 'ya'yanta sun jingina da ita. Na ga fuskarsa ta sauya. Daga baya Philip ya ce mini ya ji ana cewa kafin a haifi Japhet, Debora ce ke bin Baba gona, ita ke ja masa akalar shanu yana huɗa, har mutane na yi masa ba'a. Wataƙila abin da ya tuna ke nan, ban sani ba. Abin da na gani shi ne ya yi wata 'yar dariya ya girgiza kai.

Ya ce, “Tabita, kin haɗa ni da aiki.” Sannan ya kira, “Debora.”

“Na'am, Baba.”

“Zo nan. Hau tabarmar, ba cizo take yi ba.”

Ta zo tana ɗari-ɗari, ta cire takalmi, ta durƙusa. Ya ɗauraye ƙundun a ruwan kofinsa, ya ɗora mata a tafin hannu.

“Ke ce babba, ke za ki fara zaɓe. Amma na san abin da za ki zaɓa. Daga tsamiya zuwa rafi naki ne, ke da yaran nan. Maikano, ka shaida.”

Baba Maikano ya yi gunaguni ya ce ya shaida, amma kada a ce shi ya kawo shawarar. Japhet ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ce masa tudu yana nan da faɗi, in yana son sayarwa ya jira sai an binne shi tukuna. Japhet ya rufe bakinsa, ya koma kan cinyar kaza.

Debora ta gatsa ƙundun, ta tauna, ta haɗiye a gaban kowa, hawaye na zuba tana dariya. Raina ya yi fari ƙal, har na manta rabonmu ne ya ragu. Sauran rabin ba ta ci ba. Ta taso da shi a hannu ta dawo bakin madafa, ta miƙa wa Mama.

Mama ta ja baya. “Ke, ni kuma?”

“Ki ci, Mama. Nawa ne yanzu, ni na ba ki.”

Matar da ta yi shekarun aurenta duka tana wanke ƙundu, tana soyawa, tana dakawa, ko yatsa ba ta taɓa lasa ba, ta karɓa tana waige-waige kamar wadda za a kama. Ta sa a baki. Muka zuba mata ido, har mazan da ke tabarma sun daina ci. Ta tauna, ta tauna, ta tauna.

Na ce, “Yaya kika ji, Mama?”

Ta ce, “Tauri kawai. Ashe nama ne kamar kowane nama.”

Amma ba ta haɗiye da wuri ba. Ta goge ido da bakin zane, ta ci gaba da taunawa a hankali. Da ta gama sai ta juya wajen jikokinta mata da ke tsugune suna kallon bakinta, ta ce mini, “Rachel, akwai sauran farin zakara a bayan rumbu. Gobe ki kama shi, yaran nan ba za su jira su tsufa ba.”