Kanwar Kawu Aisami

Shekara uku ke nan Nasira, ƴar garin Gure, tana bincike a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a a ƙasar waje. Aikinta haɗe sinadarai biyu su zama ɗaya, irin waɗanda ake yin magani da su. Wani ƙarfe mai tsada, faladiyom, shi ke liƙe su, amma ba ya aiki sai an zuba masa wani farin gari mai kashe tsami.

Bara da za ta koma daga hutu, kawunta Aisami, mai haƙar kanwa a wani kwari kusa da Gidigir, ya ƙulla mata kanwa a leda don miya. Can ta auna ta don son sani, sai ta ga ai dangin farin garin nan ce. Ta jiƙa, ta tace, ta busar, ta gwada da faladiyom. Sau huɗu ruwan kwalbar gwajin yana yin baƙi ƙirin, ba abin da ya haɗu. Ana gobe za ta taho gida bana ta ƙara tace kanwar sau biyu, ta haɗa gwaji na biyar, ta bar wa abokiyar aikinta Huda ta duba.

Bayan ta iso, wata rana da hantsi tana tsakar gida tana taya kakarta Ya Kaka tsinkar yakuwa, Kawu Aisami na shan shayi a gindin dalbejiya, sai waya ta yi ƙara.

"Nasira, zauna da kyau," in ji Huda. "Ya yi! Kashi tamanin da biyu cikin ɗari na sinadaran sun haɗu!"

Nasira ta zabura, faifan yakuwa ya kife.

"Ke, lafiya?" Ya Kaka ta tambaya.

"Kanwar Kawu ce ta yi aiki!"

Kawu ya ajiye kofi. "To da can an ce miki ba ta aiki? Shekara talatin raƙuma na lasarta."

Ta zauna ta bayyana masa komai, tana zane a ƙasa da tsinke. Ya saurara har ƙarshe, yana shafa gemu.

"Wacce na ba ki, fara ko ja?"

"Fara, Kawu."

"Ashe ma ba ki ga mai kyan ba. Ta gabashin kwarin ta fi ƙarfi, ba ta da yashi."

Washegari da sassafe suka hau amalanke zuwa kwarin don ɗebo kanwar gwaji, Nasira da ledoji goma da alƙalami, Kawu da galmarsa. A hanya ya sa ta maimaita masa sunan ƙarfen har sau uku, don ya faɗa wa abokansa ranar kasuwa.