Babi na Huɗu da Mafarkin Adda

Dokta Lawal ya dawo wa Na'inna da babi na huɗu ja-wur da biro. Kundin digirinta na biyu a kan wani tsohon littafin labari ne, na wani maɗinki da ya yi mafarkin garin da ba a tsufa, ya sayar da keken ɗinkinsa ya bi hanya har ya lalace. Shafi talatin ta cika tana zagaye-zagaye, ta ƙi cewa komai.

"Malama, kin kai mu bakin kogi kin ƙi hayewa da mu," in ji Dokta. "Mafarkin ne ya kashe mutumin nan, ko farkawar? Ki zaɓi ɗaya."

Daga jami'a a Girei har gida a unguwar Shagari Lokos, a matse a bayan mota, tambayar take ta juyawa. Dokta bai san a gida ma zaɓin da ya gagare ta ke nan ba.

Tun shekarar da Mubi ta faɗi hannun masu tayar da ƙayar baya, yayarta, wadda kowa ke kira Adda, take zaune a ɗakin Na'inna. Da ƙafa ta iso Jimeta, ba tare da mijinta Hamman ba, wanda Na'inna ke ce wa Hamma, wato yaya, don ya ce ta yi gaba zai rufe shago ya biyo ta. Bayan wata biyu wani direba ya ja Na'inna gefe a tasha, ya ce ya ga gawar Hamman a bakin gada, ya gane shi da rigarsa. Ta dawo za ta faɗa, ta tarar Adda ta fara cin abincin kirki a karon farko tun isowarta. Sai ta ce bari sai gobe. Goben nan ce ta kai shekara goma sha ɗaya.

Adda kuwa ba ta rabuwa da mafarkin Hamman. Kuma a gidansu an yi imani mafarki fassarar farko yake bi, don haka wanda aka ba labari ba ya da ta cewa sai "alheri ne". Mai nazarin mafarki a jami'a, guda, amma iyakar iliminta a gida kalma biyu. Daga nan sai Adda ta tura ta tasha ta leƙa motocin Mubi, ko ya iso. Ta ƙi aikin koyarwa a Gombe saboda wannan leƙe, kuma abin yana ci mata rai ƙwarai.

Washegari da hantsi Adda na tsince shinkafa a tsakar gida ta ce, "Jiya ma ya zo. Farin kaya ya sa, bai yi magana ba. Ke da kike karanta mafarki a makaranta, menene fassaran?"

Na'inna ta ajiye takardunta a kan tabarma.

"Adda, Hamma Hamman ya rasu. Tun a shekarar. Wani direba ya gan shi a bakin gada, ni ce na ɓoye miki."

Ta zaci kuka, ko mari, ta ma fi son marin. Adda ta ci gaba da tsintar tsakuwa tana jefarwa ɗaya-ɗaya.

"Direban ya ga fuskan shi?"

"Rigarsa ya gani."

"Wa ya mishi wanka? Wa ya mishi salla?"

"Ban sani ba, Adda."

"To takaban riga zan yi?"

Duk abin da Na'inna ta rubuta a kan maɗinkin nan, yadda ya toshe kunne, yadda ya ƙi jin ta kowa, bai ba ta amsa ko ɗaya ba. A takarda raina shi ta yi. Yanzu ga shi zaune a gabanta a siffar Adda, da faranti a cinya, kuma tausayi ne ya kama ta.

"Ki yafe mini," ta ce. "Amma gaskiya ke nan."

Adda ta ɗago. Idonta a bushe yake ƙamas.

"Na'inna, na zo gidan nan da baƙin gashi. Mutum uku sun nemi aurena na ce ina da miji. Idan na yarda da ke yau, shekara goma sha ɗayan nan, in ce na yi me da su?"

Ta miƙa mata farantin ta ce ta wanke shinkafar, kada rana ta yi.