Faɗin Gimbiya

Shekara goma sha huɗu Baba yana kiwon mesa a falonsa, kuma a duk shekarun nan ban taɓa zama a kujerar da ke kusa da akwatinta ba. Gimbiya yake ce mata. Mu da ya haifa ba wanda ya samu suna mai daɗin wannan: ni Auta ce, Yaya kuwa "kai" ne kawai.

Baba tela ne, mutumin da ba ya yarda da komai sai ya auna. Shi ya zana wa kafinta akwatin, ƙafa tara, gabansa gilashi, da fitilar ɗumi a gefe guda. Duk baƙon da ya yi kuskuren cewa akwatin ya cinye falo, to ya shiga uku, sai ya sha bayani. Dole ne, in ji Baba, akwati ya kai tsawon macijin, ya samu ya miƙe sosai, in ba haka ba kurkuku ka gina.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Hannun dama ya daina aiki, magana ta koma kalma ɗaya, ita ma sai ya yi gumi. Ba zai iya zama shi kaɗai a hawa na uku ba, don haka Yaya zai ɗauke shi. Matar Yaya ta ce Baba a kan idonta, amma da yara uku a gida, mesa ba za ta taka mata ƙofa ba. Ban ga laifinta ba. Ni ɗaki ɗaya nake haya, kuma ko da goma ne da amsata ɗaya ce.

Sati uku muna neman wanda zai karɓe ta ya riƙe ta da kyau, don abin da muka yi wa Baba alkawari ke nan. Muka sa hotonta a waya. Masu zagi suka zaga, masu dariya suka yi. Sai ranar tashi, motar kaya tana ƙasa, mai gidan yana jiran makulli ƙarfe huɗu, wani mutum ya kira Yaya ya ce yana hanya.

Mutum ne mai fara'a, da takalmi mai ƙyalli. Ya durƙusa ya gaida Baba a kan kekensa na marasa lafiya, ya yi masa addu'a mai tsawo. Ya ce yana da irinta uku a gida, kamar 'ya'ya suke a wurinsa. Da ya buɗe akwatin ya ɗauko Gimbiya hannunsa ko rawa bai yi ba, ni kuwa na manne da bango. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina Allah ya kawo ƙarshen wahala.

Ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya zaro tef daga aljihu. Ya zagaya shi a tsakiyar cikinta, ya duba, ya matsa gaba ya sake zagayawa, sannan ya sake can wajen wutsiya. Ya bi bayanta da yatsa a hankali.

"Ta taɓa jin rauni a baya?" ya tambayi Yaya. "Tabo ko ƙuna?"

"Ko ƙwarzane," in ji Yaya, har da alfahari.

"Madalla. Akwatin ku bar shi, ina da nawa."

A nan Baba ya fara motsi. Bakinsa ya karkace, wuyansa ya kumbura, ya turo kalmar da ƙyar.

"Faɗi."

"Me zan faɗa, Baba?" na ce, na sunkuya kusa da shi.

"Faɗi!"

"Ba ke yake nufi ba," in ji Yaya. "Cewa yake zai faɗi. Gyara masa matashin nan."

Na gyara matashi. Baba ya ture hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Mutumin ya riga ya naɗe Gimbiya ya zura ta a wani buhu mai kauri, ya ɗaure baki. Direban motar kaya ya danna ham daga ƙasa, ya sake dannawa.

"Rabuwa ce, da wuya," mutumin ya ce da murya mai taushi. "Ku yi haƙuri, Baba. Tana hannu mai kyau."

Ya saɓa buhun ya fita. Ina jin takunsa a matakala, hawa na uku, hawa na biyu. Baba yana ta maimaita kalmarsa, hawaye na bin gefen da ya shanye. Haushi ya kama ni, na kusa ce masa ai mun yi iya ƙoƙarinmu. Sai ya ɗaga hannun hagu, ya ware yatsu biyu ya haɗa, ya ware ya haɗa, yana tura su gaba a kan cinyarsa. Almakashi.

Na girma a shagonsa ina riƙe masa bakin tef. Tsawo da faɗi, abin da na fara ji ke nan a duniya. Mutumin nan sau uku ya yi awo, kuma duka ukun zagaye ne. Bai auna tsawonta ba ko sau ɗaya. Bai tambayi me take ci ba, ko wace rana ake ba ta zomonta. Wanda zai ajiye maciji tsawo ne damuwarsa. Faɗi kuwa sai wanda zai tsaga fatar ya shimfiɗa.

Ban san yadda na sauka ba, takalmi ɗaya dai a hawa na biyu na bar shi. Na tarar ya buɗe bayan motarsa yana shirin sa buhun.

"Malam, akwatin naka ƙafa nawa ne?"

Ya yi murmushi. "Babba ne, ƙanwata."

"Ƙafa nawa?"

"Zai kai huɗu, biyar."

A bayan motar akwai buhun gishiri da aka fara, da wasu abubuwa naɗaɗɗu a cikin jarida. Bakin ɗaya ya leƙo, busasshe, mai zane irin nata. Na kama buhun Gimbiya da hannu biyu.

"Mun fasa."

"Yayanki ya ba ni," ya ce, fara'ar ta tafi. Bai saki ba.

"Ba tasa ba ce. Saki, ko in tara maka jama'a yanzun nan, su buɗe jaridun can."

'Yan dako sun riga sun tsaya da aiki suna kallo. Ya dube su, ya dube ni, ya saki. Nauyin gaba ɗaya ya faɗo a ƙirjina, kuma nauyin yana motsi. Na ji ta tana juyawa, sanyinta na ratsa buhun. Amma na rungume ta na hau bene a haka.

Yaya ya tare ni a ƙofa. "Kin haukace ne, Auta? Ƙarfe uku da rabi! Ina za mu kai ta?"

"A sa akwatin a mota. Ɗakina."

"Ɗakinki? Ƙafa tara fa! Sai dai gadonki ya fita."

"To ya fita."

Na durƙusa a gaban Baba da buhun a hannu. Na ɗauka zai sa mini albarka. Ya daɗe yana kallona, yana tattaro numfashi, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Zomo," ya ce. "Laraba."