Kalmar da Habila Ya Ƙi Faɗa

Jiya da rana na ɗan kishingiɗa, sai mafarki ya kai ni wata kasuwa inda ake auna magana da mudu. Can na tarar da maƙwabcina Habila. Tun rasuwar 'yarsa Tabita, in ana faɗin "Allah Mai Iko Duka" a coci, shi a kan "Iko" yake tsayawa. Dattawa suka sa shi horo a bencin baya, suka hana shi jibin Ubangiji, wato gurasar da ake raba wa masu bi.

Ni dillali ne, ba na iya ganin kaya a yashe. Na ce, "Habila, bar mini 'Duka', zan faɗa a madadinka. Kai kuma ka ba ni gefen bencinka."

Ya ce, "Na sallama." Muka tafa.

Sai ga mu a coci. Fankoki a tsaye, ginin ne ke juyawa. Shugaban dattawa talotalo ne mai tabarau.

Ya ce, "Ɗan'uwa Habila, Allah ya iya komai ko bai iya ba?"

"Baba, a gadon asibiti na roƙe shi, yarinyar tana hannuna. In ya iya ya ƙi, da wane ido zan dube shi? Gara in ce bai iya ba, mu ci gaba da gaisawa."

"Wanda bai iya ba, me kake roƙonsa?"

"Ya zauna kusa da ni. Wannan ba ya fashi."

Talotalo ya kumbura, ya dube ni. "Wakili, cika masa."

Na buɗe baki, harshe ya zame. Maimakon "duka" na komai da komai, sai duka na sanda ya fito. Sanduna suka tsiro daga ƙasa suna jibgar rufi.

Habila ya ce, "Wannan ai na san shi. Na sha."

Ana cikin haka bencinmu ya miƙe ƙafafu, ya taka a hankali kamar tsohon jaki, ya ratsa jama'a, ya durƙusa gaban teburin jibi.

Talotalo ya ce, "Wa ya turo shi?"

Kowa ya waiwaya. Babu kowa a baya.

Habila ya gutsuri gurasa. Ya ce, "Wannan kam ya iya."

Matata Rifkatu ce ta tashe ni da kankarar tukunya. Na zauna na duba cinikin. Habila ya samu gurasa, ni na yi asarar kujerata ta gaba. Ran Lahadi a baya zan zauna. Ban taɓa warware ciniki ba, ba zan fara da na mafarki ba.